Ɗan Hakin Da Ka Raina: Gidan Tamosta Da Lafiyar Injin Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar Ikko zuwa Arewa ya san wannan kallo. Da an haye gadar Jebba an miƙa wajen Mokwa, rana ta take tsaka, ba a jimawa sai a hangi mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi yana tashi kamar an buɗe madambaci, direba ya ɗauki galan ya shiga neman ruwa, fasinjoji kuwa sun fake a gindin bishiya suna fifita da hula. In ka tsaya ka yi musu sannu, ka tambayi abin da ya faru, amsar ba ta wuce guda: inji ya ɗauki zafi.

Ni ma na taɓa shiga sahun masu fifitar nan. Wani aminina mai fataucin goro ya rage mini hanya daga Agege za mu Kano a cikin a-kori-kurarsa, bayanta maƙare da huhunan goro. Tun daga Ibadan na lura yana tsayawa yana ƙara ruwa a lagireto. Da na yi magana sai ya ce kada in damu, ai ta fi wata uku tana shan ruwa kaɗan-kaɗan, ba ta kuwa taɓa ba shi kunya ba. Mun wuce Jebba da ɗan nisa sai allurar zafi ta haye ja, wani ƙauri ya cika mota, inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Abin da makaniken da muka samo daga gari na gaba ya kwance ya nuna mana bai fi tafin hannu ba. Wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da ke manne a jikin inji, daidai inda babban tiyon ruwa yake haɗuwa da shi, bakinsa ya ruɓe har ya tsage. Dattijon ya juya shi, ya leƙa cikinsa, sa'an nan ya dubi aminina ya ce, "Alhaji, ga gida, ina mai gidan?" Ashe tamostar da ya kamata a tarar a ciki an daɗe da cire ta an yar. Kuɗin sabon ƙoƙon har da tamostarsa bai kai na man da muka sha daga Ikko zuwa wurin ba. Amma kafin mu tsaya ruwa ya riga ya tsiyaye, gasket ɗin kan inji ya ƙone, kan injin ma ya karkace. Kwana huɗu muka yi a Mokwa ana neman kayan gyara, goro kuwa ba ya jiran makanike.

Wannan ƙoƙo shi ake kira gidan tamosta, a kansa kuma za mu tattauna a wannan mako. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin kayan mota kaf da wuya a sami wanda aka raina kamarsa, alhali kuwa in ya saki, inji sukutum yake tafiya da shi.

AIKIN TAMOSTA DA GIDANTA

Sa'ad da fetur ya kama wuta a cikin silinda, zafin wutar yakan wuce digiri 2,000 na ma'aunin Santigired, shi kuwa alminiyam da ake zuba kawunan injuna da shi yana narkewa ne a digiri 660. Kusan sulusin wannan zafi shi ke zama ƙarfin da ke juya tayoyi, sulusi ya fice ta salansa, sauran kuwa ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin ramukan da aka yi a jikin inji, ya ɗebi zafi, ya bi ta tiyon sama zuwa lagireto, iska da fanka su huce shi, ya komo ta tiyon ƙasa.

To, sai dai inji ba ya son sanyi kamar yadda ba ya son zafin da ya wuce kima. An auna fistin da ringi da silinda ne bisa girman da za su kai in sun yi zafi, watau lokacin da ruwa ya kai wajen digiri 85 zuwa 95. A nan ne fetur yake ƙonewa sarai, a nan ne kuma baƙin mai yake gudu yadda ya kamata. Tamosta ita ce mai gadin ƙofar da ke tsakanin inji da lagireto. In inji yana da sanyi sai ta rufe, ruwa ya riƙa zagayawa a cikin inji kawai, ya yi ɗumi da wuri. Da ya kai zafin da ake so sai ta buɗe, ya wuce lagireto. Tana nan tana ƙara buɗewa tana ragewa muddin mota tana tafiya.

Ba ta aiki da wuta ko waya a yawancin motoci. A cikinta akwai wani ɗan bututun tagulla da aka ɗura wa kaki, ɗan uwan wanda ake yin kyandir da shi. In kakin ya narke sai ya kumbura, ya tura wani tsinken ƙarfe, ƙofa ta buɗe. In ya huce sai ya tsuke, sifirin ya mai da ƙofa ya rufe. Wani mai suna Sergius Vernet ne ya ƙago wannan dabara a Amurka cikin shekarun 1930, har yau kuwa ita ake amfani da ita. In ka duba jikin tamosta za ka ga an buga lamba, misali 82 ko 88. Wannan shi ne digirin da take fara buɗewa, ba ta kuwa gama buɗewa sai zafi ya ƙaru da digiri goma zuwa goma sha biyar a kan haka.

Shi kuwa gidan, aikinsa uku ne. Yana riƙe tamosta a mazauninta, yana ba tiyo bakin da zai kama, yana kuma toshe wurin yadda ko ɗigo ba zai fita ba. A motoci da yawa a jikinsa ake ɗaura na'urar da makanikai ke kira sansa, wadda ke kai wa allura da kwamfutar mota labarin zafi. In kana son ganinsa, bi tiyon saman lagireto da ido har inda ya ƙare a jikin inji. A motocin Toyota da Honda da yawa kuwa, tiyon ƙasa za ka bi.

Muhimmancin toshewar nan ya fi yadda ake zato. Murfin lagireto yana danne ruwan ne da matsi, wannan matsi kuwa shi ke hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Da gidan tamosta ya tsage, ko da tsagar ba ta fi silin gashi ba, matsi ya tafi, ruwa ya koma tafasa a digiri 100 kamar na tukunya. A kan tudun Jos ma, mai tsawon kusan mita 1,200, tun yana digiri 96 zai tafasa. Ruwan da ya zama tururi kuwa ba ya sanyaya komai.

"AI TA TURAWA CE"

Ba wanda ya daɗe da mota a ƙasar nan da bai ji wannan magana ba. Daga Ladipo a Ikko zuwa Panteka a Kaduna, daga Apo a Abuja zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, makanikai da yawa abin da suke fara yi wa mota in ta zo hannunsu shi ne su cire tamosta, su jona fanka kai tsaye ta riƙa gudu da zarar an murɗa makulli. Hujjarsu ita ce an yi tamosta ne domin ƙasashen ƙanƙara, mu kuwa Allah ya hore mana rana.

Ba a rasa dalilin da ya sa maganar ta sami gindin zama ba. Tamosta takan tsufa, tsatsa ta kama ta, ta maƙale a rufe. In haka ta faru ruwa ba ya isa lagireto, cikin 'yan mintoci sai mota ta tafasa. Makanike ya cire ta, mota ta daina tafasa, shi da mai mota su ce an gano ɓarawo. A zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975, injuna masu kafireto ne, suna da haƙuri, illar cirewar ba ta bayyana da wuri. Bayan darajar Naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta gagari talaka, motocin hannu na biyu da ake kira Tokumbo suka cika ƙasa, da yawansu kuwa sun zo da tsofaffin tamostoci. Al'adar cirewa sai ta bi su, alhali injunan sun sake fasali.

Amma a tsaya a yi lissafi. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40. Mu a wajenmu wannan azaba ce, a wajen inji kuwa ko rabin abin da yake nema bai kai ba. Injin da ya kwana a Sakkwato da bazara, da safe mai sanyi ne. Ina kuma ga asubahin hunturu a Jos ko Zariya, ko tafiyar dare cikin ruwan sama a hanyar Benin, inda iska ke dukan lagireto ba ƙaƙƙautawa? Motar da ba ta da tamosta tana iya wuni a kan titi ruwanta bai kai zafin da ya kamata ba.

Illar farko a aljihu take. Motocin injekta suna da kwamfuta, in sansa ya gaya mata inji yana da sanyi sai ta riƙa zuba fetur fiye da kima, daidai da direban da ya ja cok ya manta bai mayar ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba mai motar da ke buƙatar a gaya masa darajar lita guda. Illa ta biyu a ɓoye take. Rarar fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe, sa'an nan ya sulale ƙasa ya tsinka man. Har wa yau, ƙonewar fetur tana haifar da danshi, in mai bai yi zafin da zai kore shi ba sai ya gauraya da shi ya zama baƙin dagwalo mai toshe hanyoyin mai. Ringi ya cinye, mota ta fara hayaƙi, a ce wai injin ne ba shi da kyau. A motocin da ake bincika da na'ura, wannan ciwo har lamba gare shi, watau P0128, ma'anarta kuwa ruwa bai kai zafin da tamosta ya kamata ta riƙe shi ba.

Illa ta uku ita ce mai ban mamaki: cire tamosta yana iya sa mota ta tafasa. A injuna da yawa na zamani tamosta ƙofa biyu take gadi. Sa'ad da ta buɗe hanyar lagireto, akwai wani faifai a gindinta da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi yana zagayawa a cikin inji. In an cire ta, gajeriyar hanyar tana nan a buɗe har abada, ruwa kuwa mai son sauƙi ne, sai wani kashi nasa ya riƙa yanke ya koma inji da zafinsa bai ga lagireto ba. An je gyaran gira an rasa ido ke nan.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, lafiyayyar tamosta ba ta sa mota tafasa. Da zafi ya kai, ta buɗe ta ba da hanya. In motarka tana tafasa a cunkoson Oshodi ko na Apapa, a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanka, da famfon ruwa, da fambel, da murfin lagireto, da wurin yoyo. Cire tamosta rufe ciwo ne da tsumma. Kamfanonin da ke aiko da motoci ƙasashe masu zafi ma ba sa cire ta. Iyakarta wasu su sa mai buɗewa da ɗan wuri.

ME KE CIN GIDAN?

A da ana zuba gidan tamosta da baƙin ƙarfe, daga baya aka koma alminiyam, yanzu kuwa da yawa na filastik ne mai tauri. Kowanne da irin ciwonsa, amma babban makashinsu guda ne, watau irin ruwan da muke ɗurawa.

Yawancinmu ruwan rijiya ko na burtsatse ko na kwalbati muke zubawa a lagireto. Duk wanda ya leƙa tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke taruwa a cikinta. Irinsa ne ke taruwa a bututun lagireto da jikin tamosta har ya hana ta motsi. Bugu da ƙari, in aka haɗa alminiyam da baƙin ƙarfe a cikin ruwa mai gishiri-gishiri, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyam kuwa shi ke cinyewa. Shi ya sa za ka cire tiyo ka tarar da bakin gidan ya yi ramuka kamar gara ta ci, da wani farin gari a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga; ta waɗannan ramuka ruwa ke fara tsattsafowa ta ƙarƙashin tiyo.

Maganin wannan shi ne ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, mai launin kore ko ja ko shuɗi, wanda ake kira kulan. Shi ma an ce na Turawa ne, domin yana hana ruwa daskarewa. Gaskiya ne yana yin haka, amma a cikinsa akwai magungunan hana tsatsa da ruɓewa, yana kuma ɗaga digirin tafasa. Wanda aka riga aka haɗa sai a zuba kawai. Mai kauri kuwa a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a kula kada a rikita shi da asid. Maganin da ke cikinsa yana ƙarewa, saboda haka tsohon samfuri a sake shi duk shekara biyu, mai dogon zango kuwa yakan kai shekara biyar. Kada a gauraya iri biyu da ka. A kuma yi hattara, kulan dafi ne, ga shi da ɗan zaƙi, kada a bar shi inda yaro ko akuya ko kaji za su sha.

Gidan filastik ba ya tsatsa, amma zafi da sanyi na shekara da shekaru suna busar da shi, ya yi gautsi, ya tsage a gindin bakin tiyo ko ya bauɗe a fuskar da ke manne da inji. Abu na ƙarshe mai kashe gida, na ƙarfe ko na filastik, shi ne hannun ɗan koyo. In ya ga ɗigo sai ya ƙara ɗaure noti da iyakar ƙarfinsa, kunnen gidan ya tsage, ƙaramin yoyo ya zama babba.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Mota ba ta shan ruwa kamar yadda take shan fetur. In kana ƙara ruwa kowane mako, to akwai inda yake fita, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Da safe, kafin ka tayar da inji, haska tocila kewayen gidan tamosta. Farin ɓawo, ko kore, ko ja da ya bushe a wurin, shaidar yoyo ce, ko da ba ka ga danshi ba, domin ƙaramin yoyo kan bushe a jikin inji mai zafi kafin ya kai ƙasa. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan ka kashe mota, shi ma alama ce.

Ita kuwa tamosta, ga yadda za ka gane halinta ba tare da kwance komai ba. Ta da inji yana da sanyi, ka riƙa taɓa saman lagireto, kana kaffa-kaffa da fanka da fambel. Lafiyayyar tamosta za ta bar lagireto da sanyi na 'yan mintoci, sai allura ta kusa tsakiya sa'an nan ya ɗauki zafi farat ɗaya. In ya fara ɗumi tun daga farko, a hankali a hankali, to ta maƙale a buɗe, ko kuwa babu ita sam. In allura tana hawa ja alhali lagireto yana da sanyi, ta maƙale a rufe, kashe inji nan take. Allurar da ke sauka ƙasa in ka hau babban titi, ta kuma hau in ka shiga gari, ita ma tana gaya maka gidan ba kowa.

In an cire ta, ana gwada ta a tukunya. A rataya ta da zare cikin ruwa yadda ba za ta taɓa gindin tukunyar ba, a hura wuta. Kafin ruwa ya tafasa ya kamata ta fara buɗewa, ta ɗaga kimanin milimita 8 zuwa 10, in an sauke ta huce kuma ta rufe ruf. Wadda ta gaza ɗaya daga cikin waɗannan, a yar da ita.

YADDA AKE CANZA SHI

A motoci da yawa aikin bai wuce na sa'a ɗaya ko biyu ba. Ko kai za ka yi, ko makanike za ka ba, yana da kyau ka san matakan domin ka tsaya a kai.

Da farko, a bar inji ya huce sarai. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto da zafi; ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana feshowa ne kamar famfo, ya saɓule fatar fuska da hannu. A cire wayar batir ta baƙin kai, domin fankar lantarki tana iya tashi ko da an kashe mota.

Na biyu, a kwance magudanar da ke ƙasan lagireto, a tari ruwan a cikin roba mai tsabta, har ya sauka ƙasa da gidan. A zare wayar sansa, a sassauta kilif, a murɗa tiyo a hankali har ya saki. Kada a cusa sukudireba a ɓamɓare shi, musamman in gidan na filastik ne.

Na uku, a kwance kusoshin, waɗanda galibi biyu ne ko uku, sau da yawa kuma sifana mai lamba 10 ko 12 ke kama su. A nan ake yawan yin ɓarna, domin kusar ƙarfe da ta shekara cikin alminiyam takan kafe. In ta ƙi, a fesa mata man sassauta tsatsa, a ba ta lokaci, a riƙa yi mata gaba da baya. In ta karye a ciki, aikin sa'a guda ya zama na kwana biyu.

Na huɗu, kafin a zare tsohuwar tamosta a lura da yadda take zaune. Gefen da ke da sifirin da bututun kaki shi ke fuskantar inji. In aka juya ta, kakin ba zai ji zafin inji ba, ba kuwa za ta buɗe kan kari ba. Wasu suna da ɗan rami a gefe da wani ɗan tsinke mai rawa a ciki. Wannan na fitar da iska ne, a sama ake sa shi.

Na biyar, a toshe ramin inji da tsumma mai tsabta, a kankare ragowar tsohon gasket har fuskar ta yi sumul, ba tare da an karce alminiyam ba. A ɗora rula a fuskar gidan a duba ko haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Na alminiyam da ya ɗan bauɗe ana iya goga shi a kan samfefa da aka shimfiɗa bisa gilashi. Wanda ya tsage, ko bakinsa ya yi ramuka, ba shi da magani sai sabo. Liƙi da gam ko walda ba ya daɗewa a wurin da ke shan zafi da matsi kullum. Na filastik kuwa da yawa a haɗe suke zuwa da tamostarsu, gaba ɗaya ake canzawa.

Na shida, a sa sabon gasket ko sabon zoben roba, kada a mai da tsoho. Inda zoben roba yake ba a buƙatar gam. Inda ake buƙatarsa kuwa a shafa kaɗan, domin rararsa tana ɓallewa ta shiga ruwa ta je ta toshe bututun lagireto. A cire tsumman nan, a ɗaura kusoshi da hannu tukuna, sa'an nan a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai. Ƙananan kusoshi ne, ƙarfin da suke so bai fi kimanin Niyuton-mita 10 ba a motoci da yawa, watau abin da wuyan hannu zai iya, ba sai an sa ƙafa ba. In tiyo ya kumbura ko ya bushe, a canza shi yanzu, tun da an riga an buɗe wurin.

Na bakwai, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, a fitar da iska. A zuba kulan a hankali. In motar tana da 'yan kusoshin fitar da iska, kamar yadda motocin Peugeot da yawa suke da su, a sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa, sa'an nan a ɗaure. A mai da wayar batir, a kunna hita zuwa ƙarshen zafinta, a ta da inji har tamosta ta buɗe fanka ta tashi. Iskar da ta maƙale a bayan tamosta tana hana ta jin zafi, sai mota ta tafasa da sabon kaya a jikinta, a ɗora wa tamosta laifi a sake cire ta. Washegari da safe a sake duba ruwan, a cika, a kuma haska wurin a ga ko ya yi danshi.

Wajen saye kuwa, a tafi da tsohon gidan kasuwa a gwada shi da sabon, rami da rami, baki da baki. A duba lambar digirin da ke jikin tamosta ta dace da wadda littafin motar ya ce, a kuma tabbata in tsohuwar mai faifai ce a gindi, sabuwar ma tana da shi. Gidan alminiyam na hannu na biyu, in bai ruɓe ba, yana iya yin aiki. Na filastik na hannu kuwa ya riga ya ci rabin kwanakinsa a wata ƙasa. Tamosta dai sabuwa ake saye, daga wurin wanda ka amince da shi, domin jabu sun yi yawa, araha kuwa ba ta ado.

IN ABIN YA RITSA DA KAI A HANYA

In allura ta haye ja, kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka kunna hita in tana aiki domin ta janye wani zafin, ka nemi wuri mafi kusa ka tsaya ka kashe inji. Kada ka ce bari in ƙarasa gari na gaba. Wannan 'yar tazara ita ta ci kan injin aminina. Ka jira aƙalla rabin sa'a. Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko a cikinsa, domin ƙarfe yana iya tsagewa. Ɗanyen ƙwai da barkono da ake zubawa a lagireto don toshe yoyo, abin da suke toshewa ya fi abin da suke gyarawa. In an tabbatar tamosta ce ta maƙale a rufe, ba laifi a cire ta domin a isa gida, a kuma tafi a hankali ana kallon allura. Laifin shi ne a isa gida a manta.

Aminina ya sayar da abin da ya tsira na goronsa da asara, ya biya kuɗin wanke kan inji da sabon gasket. Har yau in mun haɗu yakan ce wata uku motar ta yi tana gaya masa, shi ne bai saurara ba. Saboda haka, ya mai karatu, gobe da safe kafin ka murɗa makulli, ɗaga bonet ka bi tiyon nan da ido har inda ya ƙare. In ka ga farin ɓawo, kada ka jira hanyar Mokwa. In kuwa ka kai mota gareji, ka tambayi makanikenka ko mai gidan yana ciki. Allah ya kiyaye hanya.